Amanar da Soja Ya Bari a Gida

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan agajin ƙungiyarmu ya yi a taron iyaye da dattawa a Nima, bayan sallar La'asar. Mun kawo shi kamar yadda ya faɗa.)

 

  

Yawancinku kun san ni a kasuwa, a bayan buhunan shinkafa da galan-galan na mai. Ni ba malami ba ne, kuma ban taɓa sa kakin soja ba. Da shugabannin ƙungiya suka ce ni zan yi magana yau a kan 'ya'yan sojojinmu da iyayensu suka tafi aiki nesa, sai na ce a nemi wanda ya fi ni sani. Suka ce ai ni na ɗanɗana abin a cikin gidanmu. Gaskiya suka faɗa. Don haka abin da zan kawo muku rabinsa nasiha ce, rabinsa kuma furta laifina ne a gabanku. In na yi kuskure a maganar addini, ga malamai nan zaune, su gyara mini.

Bari in fara da tuna mana cewa aikin soja ba baƙon abu ba ne a zango. A 1873 wani Bature mai suna Glover ya zo ƙasar nan da sojojin Hausawa daga Ikko, lokacin yaƙin Turawa da Asante. Da aka gama yaƙin a 1874, da yawansu ba su koma ba, suka zauna nan Ankara, suka yi aure, suka hayayyafa. Rundunar da Turawa suka kafa a 1879, wadda daga baya ta zama sojan ƙasar nan, da irin waɗannan mutane aka kafa ta, har Hausa ta zama harshen bariki shekaru masu yawa. A yaƙin duniya na biyu an kwashi kakanninmu a jirgin ruwa zuwa Bama. Shi ya sa babban barikin da ke kusa da mu ake ce masa Burma Camp, barikin Takoradi kuma ake ce masa Myohaung, sunan wani gari ne da suka yi faɗa a can a 1945. Tun 1960 da aka tura sojojin Gana Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ba a daina tafiya ba. Rundunar kiyaye zaman lafiya ta Labanan da aka kafa a 1978, kwamandanta na farko ɗan Gana ne, Janar Emmanuel Erskine. An je Laberiya a 1990. A Ruwanda a 1994, lokacin da wasu ƙasashe suka janye mutanensu, sojojin Gana sun tsaya tare da Janar Henry Anyidoho. Yau muna da 'ya'ya a Labanan da Sudan ta Kudu, wasu kuma a cikin gida, a Bawku da kan iyakokin arewa.

Duk wannan tarihi ana ba da shi da sunan waɗanda suka tafi. A kowace tafiya kuwa akwai waɗanda aka bari a bakin ƙofa. Kakanninmu mata sun yi renon yara shekara biyu, uku, babu wasiƙa babu labari. Abin da ya riƙe su a wancan lokaci shi ne unguwa. Yaro in ya yi ba daidai ba, duk babban da ya gan shi zai tsawata masa, in yunwa ta kama shi duk gidan da ya shiga zai ci. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu yau ita ce, har yanzu muna da wannan unguwar?

Ga abin da ya faru a gidanmu. Shekara goma da 'yan kai da suka wuce, aka tura ƙanina Labanan. Daren da zai tafi ya zo shagona, ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ga amana nan na bar maka." Matarsa ce da yara uku, babban yana da shekara 13, mai bi masa mace tana da 9, sai ƙaramin da bai daɗe da yaye ba. Na ce masa, "Je ka abinka, kamar ina cikin gidan." Ya tafi. Ni kuma kasuwa ta ɗauke ni. Duk ƙarshen wata sai in sa yaron shagona ya kai musu shinkafa da mai da sukari, in ce a gaishe su. A zuciyata na sauke nauyi.

Bayan wata huɗu sai ga malamin makarantar allo ya zo shagona da kansa. Ya gaishe ni, ya zauna, ya ce, "Alhaji, yaron nan naku sati biyar ke nan ban sa shi a ido ba." Na rufe shago na tafi makarantarsu ta boko, nan ma aka ce mini yana zuwa yau, gobe babu. A tashar mota na same shi, yana ɗaukar wa matafiya kaya a ka. Na kama hannunsa da niyyar in zane shi. Kafin in ɗaga hannu sai ya dube ni ya ce, "Baba, ranar da babana zai tafi, kowa ya ce mini yanzu ni ne maigida. Kai ma ka faɗa. Na ji Mama tana kuka da dare saboda kuɗi. To maigida zai zauna a tabarma yana karatu?"

Jama'a, hannuna ya mutu. Ni na faɗa masa wannan magana, da wasa na faɗa, shi kuwa ya ɗauke ta da gaske. Da na bincika sai na gane abin da ke sa uwar kuka. Dangi ne, namu, suka yi ta zuwa mata ɗaya bayan ɗaya, wannan da bikin suna, wannan da kuɗin asibiti, wai ai mijinta yana can yana kwasar dala. Ita kuma kunya ta hana ta cewa babu. Yarinyar ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara huɗu. Duk wannan yana faruwa tsakanin gidana da gidansu babu tafiyar minti goma. Ƙanina ya dawo lafiya, alhamdu lillahi. Amma yaron sai da ya maimaita aji, kuma sai da aka yi fiye da shekara kafin ya saki jiki da ubansa. Yau ya zama mutum, ya kuma ba ni izini in ba da labarin nan. Ya ce in faɗa, ko Allah zai sa wani yaro ya tsira.

Abin da na koya shi ne, zumunta a ƙafa take. Buhun shinkafa ba ya tambayar yaro me ke damunsa.

Malamanmu sun karantar da mu cewa addini bai bar wannan al'amari haka nan ba. Akwai hadisi a Buhari da Muslim da ke nuna cewa wanda ya tsaya ya kula da iyalin wanda ya fita, ya kula da su da alheri, yana da rabo a ladan fitar. Lokacin yaƙin Tabuka, a shekara ta 9 bayan hijira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bar Sayyidina Aliyu a Madina ya kula da iyali. Sayyidina Usmanu bai je Badar ba saboda jinyar matarsa Ruƙayya, aka kuma ba shi kasonsa kamar wanda ya je. Da labarin rasuwar Ja'afar ya zo daga Mu'uta, Annabi da kansa ya je gidansa, ya rungumi 'ya'yansa, ya sa aka dafa wa gidan abinci. Sayyidina Umar kuwa a zamanin halifancinsa sai da ya tambayi 'yarsa Hafsatu tsawon lokacin da mace za ta iya jure rashin miji, sannan ya sa wa mayaƙa iyakar daɗewa. Wata ruwaya ta ce wata huɗu, wata ta ce shida. Ban zo in yi fatawa a kan hukuncin aikin kiyaye zaman lafiya ba, wannan fagen malamai ne. Abin da na gani a waɗannan labarai shi ne, magabata sun ɗauki gidan matafiyi a matsayin nauyin jama'a, tun daga shugaba har maƙwabci.

A da, tafiyar sojojinmu wata shida ce. Yanzu yawanci shekara guda ce, ban da makonnin horo da suke yi kafin tashi. Shekara guda a wurinmu manya ba wani abu ba ce, amma ga yaro ɗan shekara biyar kashi ɗaya cikin biyar ne na duk rayuwarsa. A cikinta akwai azumi ɗaya, Sallah biyu, zangon karatu uku. Bari in raba maganar gida uku: kafin tafiya, lokacin tafiya, da bayan dawowa.

Kafin tafiya, roƙona ga iyaye shi ne a gaya wa yaro gaskiya daidai da hankalinsa. Mun saba da mu sulale da asuba yaro yana barci, wai don kada ya yi kuka. Yaron da ya farka ya tarar ubansa ya ɓace, gobe in uwarsa ta tafi kasuwa zai riƙe zaninta yana ihu, don bai san ko ita ma za ta dawo ba. Gara ya yi kukan sallama a ƙirjin ubansa. A gaya masa sunan ƙasar, a nuna masa a taswira. Ƙaramin yaro bai san wata goma sha biyu ba, amma ya san Sallah, sai a ce masa Baba zai dawo bayan babbar Sallah in Allah ya yarda. Kada a yanke masa rana, domin sau da yawa ranar dawowa takan matsa, yaro kuma ba ya manta alkawari.

Sannan a zauna a kan maganar kuɗi, miji da mata da shaida ɗaya ko biyu. Nawa ne na cefane, nawa ne na haya, nawa ne na makaranta, nawa ne na iyayen miji. A rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka rubutu tsakanin 'yan'uwa ba rashin yarda ba ne. Maigida ya rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa, ya rubuta wasiyyarsa, ya duba cewa sunan magajin da ke cikin takardunsa na aiki daidai yake. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali. Ya kuma tara danginsa da bakinsa ya gaya musu cewa duk mai buƙata ya jira shi ko ya kira shi, kada a je wa matarsa. Da ƙanina ya yi wannan, da mun huta da abubuwa da yawa. A sabunta katin inshorar lafiya na yaran, a je a gaya wa malamin boko da malamin allo cewa uban yaron nan zai yi tafiya, su sa ido.

Kuma don Allah, iyayena, mu daina ce wa yaro shi ne maigida. Mu daina ce wa yarinya ita ce uwar gida. A ba su aiki daidai ƙarfinsu, wannan ya riƙa kulle ƙofa, wannan ta riƙa taya wanke-wanke. A gaya musu babban aikin da ubansu ya bar musu shi ne karatu.

Lokacin tafiya kuwa, abu na farko shi ne kada tsarin gida ya rushe. Lokacin tashi, lokacin makaranta, lokacin cin abinci da barci, su zauna yadda suke. Yaro yana samun natsuwa in ya ga gobe ta yi kama da jiya. In uban ne ke kai shi masallacin Juma'a, a sami wani tsayayye, kawu ko baffa ko maƙwabci amintacce, ya riƙa zuwa ɗaukarsa kowace Juma'a ba fashi. In uban ne ke sauraren haddarsa bayan Magariba, wani ya karɓi wannan.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro ba zai zo ya ce yana kewar ubansa ba, jikinsa da halinsa ne za su faɗa. Ƙarami zai koma tsotson yatsa ko fitsarin kwance, ko ya ƙi kwana shi kaɗai. Ɗan firamare zai riƙa kukan ciwon ciki ko ciwon kai da safe, a je asibiti ba a ga komai ba. Wani zai fara faɗa a makaranta, wani zai yi shiru kamar ba shi. Matashi zai fara daɗewa a waje, sakamakonsa ya faɗi. Mu kuma abin da muka sani shi ne bulala, ko mu ce an yi masa asiri. Kafin bulala a zaunar da shi, a ba shi abinci, a tambaye shi. In abin ya wuce makonni, yaro ya daina ci, ya daina barci, ko ya fara maganar mutuwa, a kai shi ga likita, a haɗa da addu'a. Iyalan soja suna da asibitin 37 nan kusa da mu. Zuwa ganin likita a kan damuwa ba hauka ba ne.

Sai maganar waya. Kakanninmu sun sha wahalar rashin labari, mu kuma muna shan wahalar yawansa. Allah ya kawo sauƙi, yau uba yana Bentiu a Sudan ta Kudu yana ganin fuskar ɗansa a WhatsApp. A tsayar da lokacin kira, a tuna cewa Sudan ta Kudu tana gabanmu da awa 2, Labanan kuma awa 2 ko 3 bisa ga lokacin shekara. A gaya wa yara tun farko cewa wata rana Baba ba zai kira ba saboda aiki ko rashin intanet, kuma wannan ba ya nufin wani abu ya same shi. In ya kira, kada a mai da kiran kotu, a riƙa jera masa laifin yara yana faɗa daga nesa. Yaro zai fara gudun wayar. A bar shi ya karanta wa ubansa sabuwar surarsa, ya nuna masa littafinsa.

Amma wayar nan ita ce kuma ƙofar tashin hankali. A watan Nuwamba 2024, da aka ji roka ta faɗa wani sansani a kudancin Labanan sojojin Gana huɗu sun ji rauni, kun ga yadda unguwar nan ta kwana. Kafin hukuma ta yi magana, hotuna sun zagaya, wasu ma ba na wurin ba ne. Wasu suka riƙa kiran matan sojoji suna tambaya ko sun ji wani abu. Yara suna gefe suna ji. Ina roƙonku, in irin wannan labari ya zo, kada ka tura wa iyalin soja abin da ba ka tabbatar ba, kada ka yi hirarsa a gaban yaransa. Aikin soja yana da hanyar da yake sanar da iyali. In kana so ka taimaka, tashi ka je gidan ka zauna da su. In yaro ya tambaya ko ubansa zai mutu, kada a rantse masa cewa babu haɗari, kada kuma a tsorata shi. A ce masa aikin yana da haɗari, amma an horar da ubansa, yana tare da abokan aiki da likitoci, kuma Allah ne Mai tsarewa, zo mu yi masa addu'a. Matasanmu kuma su daina sa hoton ɗan'uwansu da sunan sansaninsa da ranar tashinsa a Facebook. Kuma duk wanda ya kira ya ce maigida yana cikin matsala a tura kuɗi ta MoMo, kada a tura ko sidi ɗaya sai an ji muryar maigidan ko an tambayi barikinsa. 'Yan damfara sun san gidan da babu namiji.

Yanzu zan taɓo inda yake mana ciwo, ku gafarce ni. Bakinmu. Matar soja in ta yi kwalliya ta je biki, a ce miji ba ya nan wa take yi wa. In ta zauna a gida, a ce girman kai, an fara cin dala. In wani ya taimaka mata da ɗaukar kaya, kafin Magariba labari ya kai Mamobi. Wallahi maganganun nan a kunnen yara suke ƙarewa, a makaranta ake yi musu gori da su. Akwai hadisi a Muslim da ya kwatanta alfarmar matan waɗanda suka fita da alfarmar uwayen waɗanda suka zauna, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga wanda aka ba amanar iyali ya ci. Saboda haka taimakon ma sai da ladabi. Mata su shiga wurin mata. Namiji in zai je, ya je da matarsa ko ya tsaya a zaure da rana tsaka, ya ga yara, ya koma. Mu kare ta daga zargi, mu kare kanmu.

Kada kuma mu manta yanzu ba maza kaɗai ke tafiya ba. Gana tana tura mata sojoji da 'yan sanda aikin kiyaye zaman lafiya, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan zango. In uwa ce ta tafi, nauyin yakan faɗa kan kaka, wadda ƙila ƙafa ta riga ta gaza, ko kan babbar 'ya. Na ga yarinya mai shirin jarrabawar BECE ta koma dafa abincin mutum shida safe da yamma. Iyayena mata, nan ne wurinku. Yarinyar da ta fara al'ada uwarta tana wata ƙasa, wa za ta gaya wa? Wa zai yi mata kitso, wa zai kai ta ɗinkin Sallah? Uban da aka bar wa yara shi ma yana buƙatar a leƙa shi, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

Bayan dawowa, mukan yanka rago, mu yi walima, mu ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Jaririn da aka bari a goye yanzu yana gudu, kuma bai san wannan mutumin ba, zai ɓuya a bayan uwarsa. Kada uban ya ji haushi, kada a tilasta yaron, a ba shi kwanaki. Matashi ya saba da wani tsari, uwa ta saba yanke shawara ita kaɗai, maigida kuma ya dawo yana so ya tarar da komai inda ya bar shi. Sai an yi haƙuri da juna. Wani kuma yakan dawo da abin da ya gani a can. Ba ya barci, ƙara kaɗan ta firgita shi, fushi ya yi masa kusa. Dattawa, ku ja irin wannan a jiki, ku zauna da shi, ku ƙarfafa shi ya ga likita ko limamin bariki. In abin ya kai ga dukan mata ko yara, ba sirrin gida ba ne kuma, dole manya su shiga. Dangi kuma a bar mutum ya huta kafin a kawo masa jerin buƙatu. Kuɗin da ya tara na guminsa ne da na haƙurin iyalinsa, wataƙila shi ne damarsa ɗaya ta sayen fili ko biyan karatun yara.

In kuma Allah ya ƙaddara bai dawo ba, ko ya dawo da rauni, to aikinmu ya zama na shekaru. Kada mu watse bayan sadakar bakwai. A sami mai ilimin boko ya raka matar bin takardun haƙƙinsa, malamai su tsaya a raba gado yadda Allah ya ce, a kare rabon marayu.

To me ƙungiya take roƙo a wurinku yau? Yawancin gidajen nan ba mabarata ba ne, suna da albashi, kuma ba za su so a mai da su abin tausayi ba. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a suratut Tauba, wanda ya shiga cikinsu za a ba shi a asirce. Abin da muka fi nema shi ne lokacinku. Muna so duk gidan da wani zai yi tafiya, in sun yarda, su sanar da limamin unguwa ko Magajiya. Ba za a karanta sunan kowa a lasifika ba. Kowane gida za mu haɗa shi da mace ɗaya dattijuwa da za ta riƙa leƙawa sau ɗaya a mako, da namiji ɗaya amintacce, wanda iyalin suka zaɓa da kansu, da zai riƙa bin karatun yara. Sau ɗaya a wata ya je makarantar boko da ta allo ya tambaya da bakinsa. Muna neman ɗalibanmu na jami'a da malaman makaranta su ba da awa biyu ranar Asabar don taya masu shirin BECE da WASSCE bita. Ranar Sallah kuma kada yaron soja ya tafi idi shi kaɗai. Ka riƙe hannunsa tare da naka, ka ba shi goron Sallah kamar yadda ka ba naka.

Wanda ya san ba zai iya cikawa ba, kada ya rubuta sunansa. Yaron da ubansa ya yi nisa, in wani babba ya yi masa alkawarin zuwa Juma'a bai zo ba, an ƙara masa ciwo ne. Gara mutum biyar masu cikawa da hamsin masu ɗaga hannu. Ni na riga na rubuta nawa, domin ina da bashin da nake biya. Takarda tana wurin sakatare a bakin ƙofa, ta mata kuma tana hannun Magajiya.

Hausawa suka ce ɗa na kowa ne. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan baƙi, da wannan suka rayu har suka kafa zango. Mutumin da ya tafi tsare 'ya'yan wasu a wata ƙasa, bai kamata ya dawo ya tarar nasa sun lalace a hannunmu ba.

Allah ya tsare 'ya'yanmu da ke bakin aiki, na nesa da na kusa, ya dawo mana da su lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu. Allah ya ba matansu da mazajensu haƙuri, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya da sauran ƙasashen duniya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, ku yafe mini.